Tsohuwar Takardar Gwaji

A duk gidan da ake jinyar mai ciwon ƙoda akwai mutum ɗaya da fayil ke hannunsa. Shi ya san ranar wanki, shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ake kira in jini ya yi ƙasa, shi ne kuma ke tsayawa gaban ma'aikatan jinya yana amsa tambayoyi a madadin mara lafiya. A gidanmu ni ne. Ni ne auta, ni ne kuma na ɗan yi nisa a boko, sai 'yan'uwa suka ga wanda ya iya karanta rubutun likita shi ya dace. Da wannan amanar na yi wa ma'aikatan wani sashen wankin ƙoda ƙarya. A lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba, ga shi har yau tana bibiyarmu, mu da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Yayana ɗan kasuwar hatsi ne, ƙaƙƙarfan mutum wanda bai san asibiti ba sai in dubiya ta kai shi. Hawan jini ya yi shekaru yana cin ƙodarsa a ɓoye, sai da ƙafafu suka kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, abinci ya daina zama a ciki. Likita ya ce ƙodojin biyu sun gaza, sai wanki, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. Wanda bai taɓa wannan jinyar ba ba zai gane yadda take juya lissafin mutum ba. Cikin 'yan watanni na daina ƙirga kuɗi da naira, na koma ƙirga su da wanki. Buhun masara kaza wanki ɗaya ne. Babur ɗin ɗan Yaya da aka sayar, wanki kaza. Daga sau uku muka sauko biyu, wani makon ma ɗaya, sauran mu bar wa Allah. Duk abin da aka rubuta mana wanda ba wanki ba, kallon ɓarawon numfashin Yaya nake yi masa.

Kafin a ɗora shi a inji karon farko an yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da na C da na ƙanjamau. Duka uku suka nuna ba ya ɗauke da komai. Shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, wata dattijuwa da kowa ke kira Sista, ta zaunar da ni ta faɗa mini abu biyu: za a riƙa maimaita gwajin duk wata uku, sannan a fara masa allurar rigakafin nau'in B tun yanzu. Ta ce ta masu wanki ba irin ta sauran jama'a ba ce. Lafiyayyen baligi allura uku ake yi masa. Su kuwa huɗu ne, a ranar farko, da bayan wata ɗaya, da wata biyu, da wata shida, kowace kuma ninki biyu, maikirogiram 40 maimakon 20, saboda garkuwar jikin mai ciwon ƙoda ba ta saurin amsa rigakafi. In an gama a auna jini a ga ko ta kama. Na ce to. Na sayo aka yi ta farko. Da lokacin ta biyu ya yi, ko kuɗin wankin makon ban haɗa ba, na ce sai wata mai zuwa, daga nan maganar ta bi ruwa. A zuciyata kuwa na riga na yanke hukunci: mutumin da aka gwada aka ce ƙalau yake, me ake ta nema a jininsa duk wata uku in ba hanyar tatsar talaka ba?

Na daɗe ina zama a ɗakin wanki ban san abin da nake kallo ba. Injin yana jan jini kimanin mililita 300 a minti ɗaya. A awa huɗu ya haura lita 70, alhali duk jinin jikin baligi kimanin lita biyar ne. Wato jinin mutum kaf yana fita ya koma fiye da sau goma a zama guda, ga mutane jere kujera kusa da kujera, ma'aikaciya ɗaya tana zirga-zirga tsakanin uku ko huɗu. Ni a tunanina, tunda matacin jini da bututun roba sababbi ake farkewa daga leda a gaban idonmu, babu ta inda jinin wani zai gamu da na wani. Ashe ba ta cikin injin cutar ta fi bi ba. Ta jikinsa take bi, ta madannan da ake latsawa, ta hannun kujera, ta almakashi, ta tiren magani, ta safar hannun da aka danne wa wannan jijiya da ita aka je aka gyara wa wancan allura. Ga kwalbar hefarin, maganin hana jini daskarewa: in daga guda ɗaya ake zuƙa ana yi wa mutane da yawa, sirinji ɗaya da ya taɓa jini ya isa ya ɓata ta duka. Ƙwayar nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, ko da ɗigon bai kai ido ya gani ba. Ta kuma fi ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba. In allurar da aka cire daga jikin mai ita ta soki ma'aikacin da ba shi da rigakafi, haɗarin kan kai kashi 30 cikin 100. Na nau'in C kusan kashi 2 ne, na ƙanjamau bai kai rabin kashi ɗaya ba. Duk wannan sai daga baya na sani.

Ana nan sai na'urar tace ruwa ta sashen ta lalace. Ba a wankin ƙoda da ruwan famfo, kowane zama yana cin fiye da lita 100 na tataccen ruwa, don haka aka rufe har sai kayan gyara sun iso. Yaya ya fara kumbura. Aka yi mana kwatancen wata cibiya mai zaman kanta a wani gari, muka sa shi a mota. Can suka nemi takardar gwaji, na miƙa ta farkon nan, suka duba sama-sama suka karɓa. Daɗi ya kama ni, har na dawo ina yabonsu cewa su ba su da wahalar da mutane. Bai zo mini a rai ba cewa wanda ya karɓi tsohuwar takarda daga hannuna haka yake karɓa daga hannun kowa. A can jininsa ya yi ƙasa ƙwarai aka ce sai ƙari. Namu bai dace da nasa ba, sai muka nemo wasu samari da ke zama a bakin ƙofa don wannan sana'ar. Aka ɗiga jininsu a ɗan tsinken gwaji, aka jira 'yan mintoci, aka ce ba komai, aka ɗaura masa leda biyu. A hanyar dawowa muka biya ƙauye, gwaggonmu ta ga ƙafafunsa ta aika a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ina tsaye. Na san bai kamata ba, amma wa zai ja da gwaggo a tsakar gidanta?

Ranar da muka koma sashenmu Sista ta tare ni tun kafin a auna nauyin Yaya.

"Malam, ina kuka shiga duk kwanakin nan? An yi masa wanki a wani wuri? An ƙara masa jini?"

Na san abin da zai biyo baya in na ce e. Sabon gwaji, kuɗinsa daga aljihuna, kuma ba za a ɗora shi ba sai sakamako ya fito. Kuɗin wanki ɗaya ne cif a jikina. Yaya yana kan kujera yana haki.

"A'a, Sista. A gida muka lallaɓa da magani."

Ta ɗan tsaya tana dubana, irin kallon wadda ta san yadda mutum ke komawa in ya yi makonni ba wanki. Amma ɗakin cike yake da masu jira, kowa a kumbure. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta wuce. Yaya ya ji, bai tanka ba. Ya saba bar mini magana.

Da lokacin maimaita gwaji ya zo, Sista tana hutu. Wata sabuwar ma'aikaciya ta nemi sakamako, na ba ta kwafin tsohuwar takardar. Kwanan watan ya fito dishi-dishi. Ba ni na goge shi ba, amma na ga ya dushe, na kuma ja bakina na yi shiru har ta sa a fayil. Na daɗe ina fakewa da cewa ai ban ƙirƙiri takarda ba, ban sauya ko lamba ɗaya ba. Hujjar banza ce. Abin da suke son sani shi ne ko jinin Yaya a yau yana da haɗari ga na kusa da shi, ni kuwa na ba su labarin jininsa na kafin tafiya.

Asiri ya tonu ta inda ban zata ba. Babban ɗan Yaya ya ce zai ba mahaifinsa ƙoda, dangi suka fara haɗa kuɗin dashe, aka tura su gwaje-gwajen share fage. Sakamakon Yaya ya dawo da alamar nau'in B, wadda ake rubutawa HBsAg. Na ce wa likita ba zai yiwu ba, mutumin da ko sau ɗaya idonsa bai yi shawara ba. Ya ce ai haka take zuwa wa masu wanki. Shawara da zazzaɓin da ake gani alama ce ta jiki yana faɗa da ƙwayar. Wanda garkuwarsa ta yi rauni sau da yawa ba ya nuna komai, ko sinadarin hanta da ake aunawa a jini ba ya tashi sosai, kasala da rashin cin abinci kuwa dama abokan zamansa ne, ba mai zargin hanta. Lafiyayyun manya in sun kamu, fiye da 90 cikin 100 jikinsu ne ke korar ta cikin wata shida. A jikin mai wanki kuwa sau da yawa zama take yi daram. Sannan ya buɗe fayil yana neman gwajin ƙarshe, ya zaro kwafin nan ya kai shi kusa da taga.

"Wannan na yaushe ne?"

Na kwashe komai na faɗa masa: tafiyar, ledar jini biyu, ƙahon, allurar da aka yi ɗaya aka watsar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙofa uku na lissafa masa kuma kowace ta isa, har da jinin da aka gwada da tsinke, domin akwai makonni bayan kamuwa da mutum ke ɗauke da ƙwayar amma gwajin gaggawa ba ya ganinta. Ya ce shi yanzu ba inda ta fito ne damuwarsa ba, inda ta nufa ne. Ya sa aka kira Sista.

Maganarta ba ta da tsawo. "Malam, da ka ce mini ba ka da kuɗin gwaji, da mun san yadda muka yi. Ba kai ne na farko ba. Amma ka bari na ɗora shi a inji ɗaya da 'ya'yan mutane."

Aka ɗauko rajista aka bi sunan duk wanda ya hau injin da Yaya ya hau, da duk wanda suka yi zama ɗaya tun dawowarmu. Aka gwada su, aka sake gwadawa wata bayan wata, domin cutar kan ɗauki wata ɗaya zuwa shida kafin ta bayyana. Ma'aikata ma ba a bar su ba. Waɗannan mutanen ba baƙi ba ne a wurina. Masu jinyar wankin ƙoda dangi suke komawa: benci ɗaya muke jira, kwano ɗaya muke ci, mu ranta wa juna kuɗin magani, mu je jana'izar juna. Kuɗin gwajin da na guje wa, kowannensu ya biya shi ninki-ba-ninki saboda ni, ba tare da sun san mafari ba, tunda asibiti ba ya fallasa sirrin mara lafiya.

Aka mayar da Yaya wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai inji guda, na masu nau'in B kaɗai, da kayan aikinsa daban da ma'aikaciyarsa daban. Bayan 'yan watanni aka kawo wani saurayi ɗakin, ɗalibi, wanda a da kujerarsa ke maƙwabtaka da ta Yaya. Na sami likita na tambaye shi kai tsaye ko daga wurinmu ne. Ya ce ba zai tattauna ciwon wani da ni ba. Ya ƙara da cewa irin wannan ba ya tabbata sai an kwatanta ƙwayoyin halittar cutar ta mutum biyun a babban ɗakin bincike, kuma shi ma yaron an sha ƙara masa jini. Wato ga mafaka nan in ina so. Mahaifiyarsa kuwa duk ta gan ni sai ta ce, "Ɗana, ya mai jiki?" Na kai maganar wurin wani malami, ya ce haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Da izinin Yaya na same ta na gaya mata abin da na aikata. Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, in ma daga nan ne ta yafe. Tun daga lokacin, duk watan da na samu hali ni ke sayen maganin yaron. Ba ta roƙa ba, ba ta kuma hana ba.

Da na shiga karance-karance a kan lamarin, abin da ya fi ba ni kunya shi ne asalin dokokin da na kira tatsa. A 1965 Baruch Blumberg ya bayyana alamar nau'in B a jini, daidai lokacin da wankin ƙoda ke yaɗuwa a Turai da Amurka, kuma ɗakunan wankin suna cikin wuraren da suka fara ɗanɗana kuɗarsu. A birnin Edinbura na Birtaniya, tsakanin 1969 da 1970, cutar ta ɓarke a sashen ƙoda ta kashe mutum 11, huɗu daga cikinsu ma'aikata ne. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Rosenheim, rahotonsa ya fito a 1972: a riƙa gwada marasa lafiya da ma'aikata a kai a kai, a ware masu ɗauke da cutar, a rage ƙarin jini, a tsananta tsabta. Amurka ta fitar da irin nata ƙa'idojin a 1977. A can, a 1974, fiye da mutum 6 cikin kowane 100 masu wanki ke kamuwa da nau'in B a shekara. Zuwa 1999 ya koma 6 cikin 10,000. Mafi yawan raguwar ta samu ne tun kafin allurar rigakafi ta fito a farkon shekarun 1980, da gwaji da warewa da wanke hannu kawai. Tambayoyin nan biyu da Sista ta yi mini a tsaye a bakin ma'auni, sai da aka binne likitoci kafin a koyi yin su.

Kada kuma a ɗauka matsalar asibitin talakawa ce kaɗai. A 2015, a babban asibitin Singafo, ƙasar da ake buga misali da tsarinta, nau'in C ya kama mutum 25 a sashen masu ciwon ƙoda, takwas daga cikinsu suka rasu. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan sakaci wajen tsabtace kayan aiki da jinkirin gane abin da ke faruwa. In haka ta faru inda ba a ɗauke wuta, ina ga inda ma'aikaciya ke tattalin safar hannu don kwalin ya kai ƙarshen mako?

Mu a nan ƙasa ce da cutar ta riga ta yi yawa. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Kusan mutum ɗaya ke nan a cikin kowane sha biyu, yawancinsu ba su sani ba. A cikinsu akwai masu sayar da jini a bakin asibiti, akwai wanda wanzami ya aske kafin kai. Sai a 2004 aka sa rigakafin nau'in B cikin alluran yara, saboda haka duk wanda ya girme wannan shekarar, in bai je da ƙafarsa ya nema ba, a buɗe yake. Su ne kuma masu shekarun hawan jini da ciwon suga. Ga ciwon ƙoda da ya addabi yankunan Gashuwa da Haɗejiya, ga injina kaɗan, mutane suna yawo gari-gari duk inda suka ji ana wanki da sauƙi, kowa da takardarsa a leda. A Ingila, mai wankin da ya dawo daga ƙasar da cutar ta yi yawa, inji daban ake ba shi na makonni da dama ana ta gwada shi, ko da gwajin farko ya fito lafiya. Mu kuwa tsakanin gari da gari ne muke buƙatar wannan dokar.

Nau'o'in biyu ba hali ɗaya gare su ba, kuma rashin sanin haka yana sa mutane yanke ƙauna inda bai kamata ba. Nau'in C, wanda aka gano a 1989, ba shi da rigakafi amma yana warkewa. Tun daga 2013 aka samu ƙwayoyi irin su sofosbubir da ake sha mako 8 zuwa 12, suna warkar da fiye da 95 cikin 100, har da masu wankin ƙoda. Sai dai wanda ya warke yana iya sake kamuwa in ɗakin bai gyaru ba, shi ya sa ƙa'idojin duniya suka fi matsawa a kan tsabta fiye da ware masa inji. Masar ta nuna abin da zai yiwu: allurar tsargiya da aka yi wa miliyoyi da sirinjin da ba a dafa da kyau ba ta bar ta cikin ƙasashen da suka fi kowa nau'in C, amma daga 2018 ta gwada sama da mutum miliyan 50 ta ba da magani kyauta, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ita ce ta farko da ta kama hanyar kawar da shi. Nau'in B akasin haka ne. Yana da rigakafi, amma in ya zauna maganinsa danne shi yake yi, ba ya tumɓuke shi. Yaya tenofobir yake sha, ƙwaya ɗaya a mako bayan wanki, tunda ba ƙodar da za ta fitar da shi. Likita ya ja kunnenmu kada a kuskura a tsayar kwatsam, domin cutar kan taso da ƙarfi ta ƙone hanta. Duk wata shida kuma sai an yi hoton hanta, saboda daji.

Garin neman gira muka rasa ido. Dashen da ake shirin yi aka ɗaga har sai ƙwayar ta kwanta, domin magungunan da ake sha bayan dashe suna sauke garkuwar jiki, ita kuma abin da take jira ke nan. Kuɗin da dangi suka haɗa wanki ya cinye rabi. Injin nan guda na ƙarshen baranda in ya lalace ba inda za mu, cibiyoyi da yawa da sun ga HBsAg a takarda sai su ce ba su da wuri. A gida aka gwada kowa. Matar Yaya da yara Allah ya tsare, aka yi musu rigakafi. Amma kafin mu ankara an ware masa kwano da cokali da buta, jikokinsa sun daina hawa gadonsa. Wannan ya fi ciwon taɓa shi. Sai da na kai matarsa gaban likita ta ji da kunnenta cewa ba a ɗauka ta abinci ko gaisawa ko tari. Reza da abin yankan farce da buroshin haƙori su ne kowa ya riƙe nasa. Ranar ne kawai na ji Yaya ya yi maganar. Ya ce, "Auta, ni ma ai ina zaune ka faɗa, ban hana ka ba." Na san don ya rage mini nauyi ne. Shi a ranar numfashi yake nema, ni ne mai cikakken hankali.

Laifina nawa ne, ba na neman wanda zan raba da shi. Amma na zauna a bencin nan na isa in ce tsarin da ya bar gwaji da rigakafi a matsayin kuɗi na daban, wanda mai jinya zai zaɓa tsakaninsa da wankin yau, tsari ne da ke koya wa mutanen kirki ƙarya. Duk wanda aka ba wannan zaɓin wanki zai ɗauka. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Abin a yaba ne, sai dai kamata ya yi gwajin hanta da alluran nan huɗu su shiga cikin kuɗin, a ɗebi jinin a kan inji ba tare da an tambayi aljihun kowa ba, kuma kada a karɓi kwafin takarda daga hannun dangi, irina ko wanda ya fi ni gaskiya. Likitocin da ke duba masu hawan jini da suga su ma da nasu: rigakafin ya fi kamawa tun ƙoda tana da sauran ƙarfi, bai kamata a jira sai an kai ga inji ba. Haka allurar ƙara jini ta eritropoyetin da sinadarin ƙarfe. Tsadarsu ke sa mu gudu zuwa leda, alhali kowace leda ƙofa ce, tana kuma sa jiki ya ƙi karɓar ƙodar da za a dasa daga baya.

Yanzu in ina ɗakin wanki idona yana kan hannaye. Ina duba ko an sauya safa tsakanin mutum da mutum, ko an goge kujera da jikin injin da ruwan kulorin kafin na gaba ya hau, ko a keɓaɓɓen wuri ake haɗa allura ko a kan tiren da ke yawo. In na ga abin da bai yi mini ba ina faɗa cikin ladabi, kuma ma'aikatan kirki ba sa jin haushi, domin su ne allurar ke fara soka. Wani lokaci nakan ji kunyar bakin da ya yi ƙarya yana gyara wa wasu aiki, amma shirun ne ya kawo mu nan.

Wanda ya san ya kai mara lafiyarsa wanki a wani gari, ko an ƙara masa jini, ko an yi masa ƙaho ko tsaga, bai kuma faɗa wa ma'aikatan sashensu ba, don Allah ya je ya faɗa kafin zama na gaba. In kuɗin gwajin ne babu, wannan ma ya faɗa musu.